Ƙusa a Kan Faifai

Ni ne Velaphi Sithebe, mai ƙusa.
Shekara goma sha ɗaya na yi
a ƙarƙashin benen gidan rediyo a Johannesburg,
ɗakin da ba taga, sai warin kwali da tsohuwar taba.
Faifai kan sauko daga sama
da jan alƙalami a jikin waƙa ta uku,
ni kuwa in zaro ƙusa daga aljihun kwat,
in ja mata layi daga gaɓa zuwa gaɓa
kamar wanzami mai tsaga.
Albashina ke nan.
Da shi na sayi murhun kwal,
da shi 'ya'ya huɗu suka sa takalmi.

Me waƙar ta ce? Ba ta kama sunan kowa ba.
Kaza ce ta tare shaho a bakin hanya,
ta ce, ranka ya daɗe, ina takardarka ta yawo a sama?
Shi ke nan. Sai jita, sai mata uku suna amshi.
Amma duk wanda ya hau jirgin ƙasan Naledi da asuba
yana da takarda a aljihun ƙirji, gumi ya jiƙa ta.
Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Maƙwabciyata Dikeledi, malamar aji biyu,
tana da littafi sanye da rigar aro:
a bango hoton miya da dankali,
a ciki wani mahaƙin zinari yana tari har shafi na ƙarshe.
Gida tara ya kwana a layinmu,
ya dawo da maiƙo, da hawayen wata, ba shafi na sittin.
Ta san aikina. Ba ta taɓa tambaya ba.
Gaisuwa dai ta rage mini, kamar mai auna gishiri.

Abin da na sama ba su sani ba:
da la'asar masu gabatar da shiri kan leƙo ɗakina
su shafa faifai da yatsa, su ji inda rauni yake.
Kafin dare, ita ake nema a mashayar Orlando.
An aike ni in rufe baki,
ashe hanya nake nunawa.
Ban ce wannan ya wanke ni ba.
Hannun da ya ja layin nawa ne, kuma bai yi rawa ba.

Bana jikata Nokuzola ta zo daga jami'a
da waya mai naɗar murya da tambayoyi a takarda.
Ta ce abokinta ya tsinci faifan kaza a gwanjo,
ya ɗauki ƙarar tabon, ƙas, ƙas, ƙas,
ya ɗora mata ganga mai nauyi,
yanzu yara na rawa da ita har gari ya waye.
Na ce, rawa? A kan ƙusata?
Ta ce, Kaka, baiti na uku muke nema.
Mawaƙin ya rasu, matan amshi sun watse,
kamfanin ma ya zama wurin wankin mota.

Na yi shiru.
Ba na yanka waƙa sai na saurare ta tukuna,
ni kaɗai, ƙofa a rufe, sau biyu, wani lokaci sau biyar.
Mahauci ya fi kowa sanin ƙirar saniya.

Na gyara zama, na buɗe baki.
Shaho ya laluba fiffike, babu takarda,
kaza ta ce, to sauko, mu taka ƙasa tare.
Daidai nan muryata ta karce.
Na sake, ta sake karcewa a wuri guda.

Nokuzola ba ta kashe wayar ba.
Ta ce a bar shi haka.
Ta tsallaken katanga, Dikeledi na shanya,
shekara tamanin da ɗoriya,
sai na ji ta kama amshi.